Kwamfutar Situdiyo: Daga Kyamara da Soket Ake Fara Ciniki

Duk wanda ya shiga shagon kwamfuta a titin Beirut na Kano da niyyar sayen na'urar tace fim ko haɗa kiɗa, tambaya ɗaya ce a bakinsa: "Alhaji, akwai Core i7?" Mai shago kuwa ya san abin da ake son ji. Sai ya sa yaro ya sauko da wata baƙar kwamfuta ta hannu daga saman kanta, a hure mata ƙura, ya ɗora yatsa kan 'yar takardar da ke manne a gabanta, ya ce, "Ga ta nan, Malam. i7 ce, ram 16, babu abin da ba za ta ja ba." Game da takardar dai bai yi ƙarya ba. Sai dai kamfanin Intel ya fara liƙa sunan i7 a kan furosesa tun 2008, kuma ya yi ta sabon zubi da sunan nan shekara bayan shekara. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin shekarun kaya: i7-3770 zubi na 3 ne, na 2012, i3-12100 kuwa zubi na 12 ne, na 2022. Wannan i3 ɗin da sunansa kaɗai zai sa a taɓe baki ya fi wancan i7 sauri nesa ba kusa ba.

To amma ko wanda ya iya karanta lambar bai kama bakin zaren ba tukuna. Kwamfutar aiki ba daga cikinta ake fara zaɓenta ba. Daga kyamarar da za ta riƙa kawo mata hoto ake farawa, da inda aikin zai je in an gama, da soket ɗin bangon da za a jona ta. Masu sharhin kaya na Turai da Amurka suna tsallake na ƙarshen nan, domin wuta ba abin tunani ba ce a wurinsu, ɗakunansu kuma ba su san zafin Afrilun Kano ba. Wanda ya kwashi shawararsu ɗungurungum yakan kawo na'urar da ɗakinsa ba zai iya riƙe ta ba.

Aikin ma kansa ya sauya. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, zamanin kaset ne, daga kaset zuwa kaset ake tacewa. Da aka shiga zamanin faifan VCD, hoton da ke isa ga mai kallo ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Yau mafi ƙanƙantar abin da ake mutuntawa shi ne 1920 da 1080, sababbin kyamarori kuma a 4K suke ɗauka, wato 3840 da 2160: ninki huɗu cif, ɗigo sama da miliyan 8 a kowane hoto, hoto 25 a kowace daƙiƙa. Ba girman hoton kaɗai ba ma. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka cika YouTube daga 2020, mai tace hoto ya koma mai fitar da kashi guda duk mako, a ranar da masu kallo suka sani suke kuma jira. Irin wannan aikin ba ya neman na'urar da ta fi kowa gudu a gwajin minti biyar. Wadda za ta wuni ta kwana tana aiki ba ta galabaita ba, ita yake nema.

Mu ɗauki kyamara tukuna. Mutane da yawa sun zaci nauyin hoto a girman fayil yake, babba mai wuya, ƙarami mai sauƙi. Sau da yawa akasin haka ne. Kyamarorin Sony da Canon da Panasonic da aka fi fita lokeshan da su suna matse hoto ne da tsarin H.264 ko H.265 don ya shiga ɗan katin memori. Dabarar matsewar ita ce kyamara ba ta adana kowane hoto cikakke. Guda ɗaya take adanawa cikakke, a waɗanda ke biye sai ta rubuta abin da ya canza kawai: hannun jarumi ya ɗaga, labule ya motsa, saura suna nan yadda suke. Kamar littafin bashin mai shago ne, wanda ya rubuta jimilla ranar ɗaya ga wata, daga nan sai "an ƙara kaza, an biya kaza". In kana son sanin bashin ranar sha bakwai, dole ka koma farkon shafi ka bi lissafin layi-layi. Haka kwamfuta take yi duk sa'ad da edita ya ja hoto baya ko ya tsallaka gaba, kuma in kyamara uku ce ta ɗauki fitowa guda, lissafin ya ninku uku. A nan ne ake ganin abin da kowane edita ya sani: murya tana tafiya daidai, bakin jaruma ya tsaya a buɗe, sai can hoton ya yi tsalle ya cim mata. Da irin wannan hoton ba ka iya yanke harara ko murmushi a daidai gurbinsa, kuma a wannan gurbin gwanintar edita take.

Tsarin ProRes na Apple da DNxHR na Avid su kowane hoto cikakke suke adanawa. Kwamfuta tana jan su ba wahala, amma a wurin ajiya ake biyan kuɗin. Kyamarar da ke rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa. ProRes 422 HQ a 4K yana haura gigabait 300 a awa guda.

Akwai wani tarko a kyamarori irin su Sony A7S III da Canon R5 na 2020, da FX3 ta 2021. Waɗannan suna ɗaukar launi mai zurfi, wanda ake rubutawa 10-bit 4:2:2, kuma shi mai gyaran launi yake so, domin yana jure a ja shi a matsa shi ba tare da sararin sama ya yi layi-layi ba. To a cikin furosesa da katin hoto akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai warware matsattsen bidiyo. In sashen ya san irin fayil ɗinka, aiki ya tafi sumul. In bai sani ba, nauyin duka ya faɗo kan furosesa. Katunan NVIDIA na jerin RTX 20 da 30 da 40 ba su san 4:2:2 ba, duk tsadarsu. Sai a jerin 50 na 2025 aka koya musu. Furosesocin Intel daga zubi na 11 suna warware H.265 irin wannan ta sashen da ake kira Quick Sync, haka ma na'urorin Apple masu furosesan M, waɗanda suka fara fitowa a Nuwamban 2020. Amma fa furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F, kamar i5-12400F, ba shi da wannan sashen. Shi ya sa ya ɗan fi araha, shi ya sa kuma masu haɗa kwamfutar buga gem suke son sa. Edita ya kauce masa: ragin bai taka kara ya karya ba, asarar kuwa ta kullum ce. Ko an sayi mai sashen, a duba a tabbata yana kunne, don wasu allunan cikin kwamfuta suna kashe shi da zarar an soka katin hoto.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba yana da tsohuwar mafita, wato furoksi. Manhaja ta yi ƙananan kwafi masu sauƙin ja, a yi tacewa da su, ranar fitar da aiki ta koma kan na asali. Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut duk suna yi, kuma manyan kamfanonin fim na duniya ma haka suke aiki, ba abin kunya ba ne. Abin da dabarar take ci shi ne lokaci: a bar kwamfuta ta kwana tana juya fayiloli. Kwanan kwamfuta a kunne kuwa, a garinmu, magana ce ta batir da fetur.

Girman katin hoto, manhaja ce ke faɗa. Resolve, na kamfanin Blackmagic na Ostareliya, kusan duk nauyinsa a kan katin yake, musamman gyaran launi da goge ƙwayoyin da ke fitowa a hoton dare. Premiere ya fi jingina da furosesa, After Effects kuma ram yake sha kamar ba gobe. A jikin kati, abin dubawa na farko shi ne ƙwaƙwalwarsa ta kansa. Gigabait 8 shi ne ƙasa ga mai aikin 4K, 12 ko 16 ya fi kwanciyar hankali, domin in ta cika ba jinkiri ake gani ba, saƙon kuskure ake gani, aikin ya tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa RTX 3060 mai gigabait 12 yake da sauran daraja a wurin edita, ko da an ajiye masa sabo mai 8 a gefe. Maganar ram gajeriya ce: kamfanin Adobe da kansa yana ba da shawarar 16 ga HD, 32 ko fiye ga 4K. A saka guda biyu iri ɗaya, sun fi guda ɗaya babba sauri, a kuma bar gurbin ƙari.

Wurin ajiya ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali nan ne asara ba ta da magani. Faifai mai juyawa yana karanta megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD na SATA yana kai wa 550, na NVMe kuma daga 3,500 zuwa 7,000 ko fiye gwargwadon zubinsa. Tsarin da ya fi dacewa shi ne Windows da manhajoji a SSD guda, aikin da ke hannu a wani SSD daban, abin da aka gama a koma da shi manyan faifai masu juyawa, waɗanda har yanzu su suka fi araha a kowane terabait. Amma sauri daban, tsira daban. Ga yadda ake yi a lokeshan da yawa: an tashi da daddare, yaron kyamara ya juye katin a faifan waje guda, ya goge katin don ɗaukar gobe, ya jefa faifan a jaka tare da caja da batura, ya hau adaidaita sahu. Daga wannan lokacin, aikin wuni guda na jarumai da darakta da masu fitila da kuɗin furodusa duk yana rataye a kan wata 'yar allura da ke shawagi a saman faranti mai juyi dubu biyar da ɗoriya a minti. Faɗuwa ɗaya ta isa. Kada a goge kati sai fayil ya zauna a wuri biyu, ɗayan kuma kada ya kwana a ɗakin da ɗayan yake. Kuɗin faifai na biyu cikin kuɗin kwamfuta yake, ba ƙari ba ne.

Sauti kuwa wata duniya ce, kuma mutane sukan haɗa buƙatunsa da na hoto su sayi abin da bai dace da ko ɗaya ba. Layin murya guda da aka ɗauka da ingancin situdiyo, wato 48,000 a daƙiƙa da zurfin 24-bit, kusan rabin gigabait yake ci a awa. Wannan ba komai ba ne. Mai haɗa kiɗa da FL Studio ko Cubase da ya zuba kuɗi a babban katin hoto, ya sayi zafi da ƙarar fanka ne kawai. Abin da ke damun sa jinkiri ne. Kwamfuta tana tara sauti ne a ɗan mazubi kafin ta sarrafa shi. In an sa mazubin a 128, jinkirinsa bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba. In an sa shi a 1024, ya haura kashi 21, kuma sai an shiga an fito, don haka ya ninka. A takarda abin kamar wasa. A kunne kuwa, ga mawaƙiya a ɗakin soso, hedfon a kanta, tana jin muryarta tana dawo mata a makare. Sai ta fara jan baiti, ta kauce wa kiɗa, a tsayar a sake, a tsayar a sake, har a fara zargin ba ta yi shiri ba ne.

Akwatunan sauti da ake jonawa ta USB, irin su Focusrite Scarlett, suna da maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai-tsaye ba ta bi ta kwamfuta ba, jinkiri ya kau. Sai dai ga inda waƙarmu ta bambanta. Waƙoƙin fim da na soyayya na Hausa sun ginu a kan Auto-Tune, kuma mawaƙa da yawa suna son jin muryarsu a gyare tun suna rerawa, don da ita suke lanƙwasa sauti. Wannan ba ya yiwuwa sai murya ta ratsa kwamfuta ta dawo. Ke nan dole mazubi ya zama ƙarami, ƙaramin mazubi kuma yana neman furosesan da kowace cibiyarsa, wato kowane sashensa mai lissafi, ke da sauri, ba mai tarin cibiyoyi masu nawa ba. In ya kasa, sai a ji ƙas-ƙas a cikin ɗauka. Shi ya sa tsofaffin manyan kwamfutoci masu furosesan Xeon, masu cibiya goma ko fiye, sukan ba mai kiɗa kunya duk da girman jikinsu. A Windows kuma, a yi amfani da direban ASIO na kamfanin da ya ƙera akwatin sautin. Ramin hedfon na jikin kwamfuta ba na aikin kuɗi ba ne.

Sai shiru. Makirufon situdiyo yana jin abin da kunne ya riga ya saba da shi ya daina ji: fankar kwamfuta, na'urar sanyaya ɗaki, janaretan maƙwabci. In kwamfuta da makirufo ɗaki ɗaya za su zauna, shirunta ya fi saurinta muhimmanci. Akwai kuma wani gurnani mai kauri da ke shiga ɗauka, na wutar da ke juyi 50 a daƙiƙa, wanda galibi daga rashin wayar ƙasa yake ko daga jona kaya a soket daban-daban. Gine-gine da yawa ramin soket na uku ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Ana sauya kwamfuta a kan wannan gurnanin, alhali mai gyaran wuta da sandar tagulla a ƙasa ne maganinsa.

Wannan ya kawo mu bango. Katin RTX 4090 shi kaɗai yana iya jan wat 450, RTX 5090 kuma 575, furosesan i9-13900K yana kai wa 253. Mac mini mai M4, wanda aka sanar da shi a Oktoban 2024, iyakarsa wat 65 bisa lissafin Apple. A ajiye manyan can, a ɗauki matsakaiciyar kwamfuta da ke jan wat 500 ita da allonta in aiki ya yi nauyi. Batir mai 200Ah a bolt 12 yana riƙe kilowat-awa 2.4 a takarda, amma in na gubar nan ne da aka saba, rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko. Batir biyu ke nan ba za su kai wannan kwamfutar awa 5 ba. Na'urar da ke jan wat 100 ita da allonta, batiran nan biyu za su wuni da ita su shiga dare. Kuma duk wat ɗin da kwamfuta ta sha, zafi yake zama a cikin ɗakin, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Sai a nemi na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta fi kwamfutar ci. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, wannan lissafin ya daina zama na gefe. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar gwamnati bayan lalacewar manyan layuka. Mai ƙaramar na'ura da sola ya ci gaba da fitar da aikinsa.

Tsakanin bango da kwamfuta dole a sami mai tsaro. 'Yar UPS mai 650VA da ta cika kasuwa ba ta kai wat 400 na gaskiya ba, kuma mintuna kaɗan take bayarwa. Aikinta ta riƙe ka har ka adana fayil ko a tayar da inji, ba ta ja babbar kwamfuta ba. Inbata mai arha da ke fitar da wuta mai kusurwa-kusurwa tana sa akwatin wutar kwamfutocin zamani ya yi ta ƙara ko ya ɗauke, tana kuma ƙazantar da sauti. A nemi mai tsabtatacciyar igiya. Shi kansa akwatin wutar cikin kwamfuta, nan ne masu haɗawa suke rage kuɗi don ba a ganin sa. Araha ba ta ado. In ya ƙone, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba.

Furosesa in ya kusa digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. Wannan ne sirrin kwamfutar da ke tashi da safe da ƙarfinta, bayan azahar ta koma jan ƙafa. Buɗe murfin wadda ta shekara a ƙasan tebur ta ratsa hunturu guda, za ka ga dalili: ƙura ja-ja ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar an liƙa auduga, fanka tana ta juyi amma iskar ba ta da hanyar wucewa. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a zaɓi gida mai faɗi da ragar tace ƙura a gaba, a riƙa hure ta akai-akai lokacin hunturu ana riƙe da fukafukan fankar kada iska ta juya su fiye da kima. Ni dai ina fifita babban ƙarfen sanyaya mai fanka a kan na ruwa. Na ruwa yana da kyan gani, amma famfonsa yana mutuwa ba sallama, fanka kuwa ko'ina ana samun madadinta.

To Mac ko Windows? Masu gardamar nan sukan yi ta kamar ta ƙwallo. Mac mini da Mac Studio sun yi fice a ƙarancin shan wuta da shiru da iya warware fayilolin kyamara, sautinsu kuma ba ya neman dogon saiti. Ƙaramin Mac mini M4 ya fito da ram 16 a kan dala 599. Illarsa, ram ɗin ba ya ƙaruwa bayan saye, abin da ka ɗauka ranar farko shi za ka mutu da shi. Ma'ajiyarsa ta gigabait 256 kuma ba ta isa komai ba, sai an haɗa da SSD na waje mai sauri. In allonsa na ciki ya ƙone, gyaran ba na kowane shago ba ne. Kwamfutar Windows da aka haɗa gunduwa-gunduwa tana da ci, tana da ƙara, amma duk abin da ya mutu a jikinta ana cire shi a sa wani a rana ɗaya, ana kuma gina ta a hankali gwargwadon aljihu. Hukuncina: mai kiɗa, da editan da ke aiki shi kaɗai a kan sola, Mac ya fi masa. Situdiyon da ke da wuta tsayayya, mai gyaran launi mai nauyi ko zanen motsi, Windows da babban kati. A kuma duba abokan aiki. Final Cut da Logic a kayan Apple kawai suke, in duk waɗanda kake musayar aiki da su Premiere suke riƙe da shi, kada ka zama saniyar ware. Tsofaffin iMac masu furosesan Intel kuwa, duk kyan allonsu, Apple ya riga ya sanar cewa macOS Tahoe na 2025 shi ne na ƙarshe da zai kula da irinsu.

Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, kayan hannu sun zama dole ga mutane da yawa. Ba laifi, in an san abin dubawa. Siraran kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk suna da ƙarko, suna kuma iya aikin sauti da HD, amma akwatin wutarsu ƙarami ne, na musamman, gidan kuma ba ya ɗaukar cikakken katin hoto. Wanda ya saya da niyyar "zan ƙara kati daga baya" zai tarar ƙofar a rufe. Windows 10 ya daina samun kulawar Microsoft ta yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa, don haka abin da ke ƙasa da nan kwanansa ya ƙare. Manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da 14 sun sami matsalar lalacewa da kamfanin ya amsa a 2024, ya ƙara musu garantin shekara 2, amma garantin da sai an aika kaya ƙetare ba ya amfanar wanda ya sayi na hannu. Katunan hoto da yawa da suka malalo kasuwa bayan Satumban 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da kati, sun shekara da shekaru suna aiki dare da rana. Gwajin da ya fi kowane shi ne ka je da katin kyamararka, da fayil ɗin da ya fi ba ka wahala, a saka manhajar da kake aiki da ita, a ja shi, a fitar da minti ashirin ana kallon ma'aunin zafi. 'Yar manhajar CrystalDiskInfo kuma za ta faɗa maka awa nawa faifan ya yi a kunne.

Manhaja ma kuɗi ce, ko da yake kowa ya san yadda ake yi. Ba wa'azi zan yi ba, lissafi ne: fasassar manhaja tana zuwa da baƙin da ba a gayyata ba, kuma ranar da ta rufe maka fayilolin furodusa ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Resolve yana da na kyauta da ya isa tace cikakken fim har zuwa 4K, babban kuma dala 295 ne sau ɗaya. FL Studio in ka saya sau ɗaya sabuntawarsa kyauta ce har abada. Adobe ne ke neman dala duk wata, wanda kuma ya zaɓe shi ya sa wannan a lissafin shekara tun kafin ya taya kwamfuta.

Idan kuɗi ya taru, kada akwatin kwamfuta ya cinye su duka. Allo mai faɗin gaskiyar launi, irin na IPS da ke cika ma'aunin Rec.709, da lasifikan situdiyo ko hedfon da ba ya ƙara wa kiɗa gishiri, su ne idon edita da kunnensa. Kwamfuta mai sauri da allo maƙaryaci sai dai ta gaggauta fitar da fuskoki masu kore-kore. Kafin a tura aiki kuma a kalle shi a 'yar waya mai arha, tun da a irinta mafi yawan masu kallo za su gan shi. In an fara da matsakaiciyar na'ura, kuɗin da ya shigo daga baya ya fara zuwa batir da faifan ajiya na biyu, sannan ram, sannan allo. Katin hoto ya jira sai ranar da aikin da ke hannu ya fara cika ƙwaƙwalwar wanda ake da shi.